Keffi, Garin Abdu Zanga: Masaukin Waɗanda Suka Ajiye Aiki

Ranar da ma'aikacin gwamnati ya cika shekara 35 yana aiki, ko kuwa ya cika shekara 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa, ran nan doka ta ce ya miƙa mabuɗan ofis ya koma gida. To, amma ina ne gidan? Ga mutumin da ya bar garinsu tun yana saurayi, ya yi aiki a Kaduna, ya yi a Legas, daga bisani aka kwaso shi zuwa Abuja sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta ƙaura ran 12 ga Disamba, 1991, wannan tambaya tana da nauyi ƙwarai. Gidan da yake ciki na haya ne, mai gida kuwa a Abuja ba ya karɓar kuɗin wata, sai na shekara guda cur, wani ma na shekara biyu. 'Ya'yansa a nan suka tashi, a nan suke neman abinci. Can garin iyaye kuma, dattawan da suka san shi yawancinsu sun kwanta dama, gonar gado an raba, ɗakin da ya bari ya zama na jikokin yayansa.

Dā can ma'aikaci yakan zauna a gidan gwamnati har ranar sallamarsa. A shekarar 2003 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta soke wannan tsari, ta mayar da gida da mota suka zama kuɗin alawus a cikin albashi, daga baya kuma aka sa gidajen gwamnati na Abuja a kasuwa. Wanda ya sami halin saye ya huta. Wanda bai samu ba ya nausa bayan gari, inda kuma rushe-rushen da aka yi a zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake ministan birnin, daga 2003 zuwa 2007, suka ƙara tura dubban mutane. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah, in lokacin ritaya ya gabato, sai su ɗaga kai su dubi gabas, su ce za su nemi ɗan ƙaramin gari mai duwatsu da iska, su yi gini, su yi noma, su ƙarasa sauran kwanakinsu cikin rufin asiri. Garin da ya fi zuwa bakinsu shi ne Keffi, a Jihar Nasarawa.

Hanyar Zuwa

Tsakanin Abuja da Keffi tafiyar kimanin kilomita 50 ce. Matafiyi yakan bi ta Nyanya, ya ƙetare iyaka ya shiga Mararraba, sa'an nan Masaka. Wannan yanki duk ya haɗe ya zama gari ɗaya, ba a gane inda wani ya ƙare wani ya soma, kuma da safe da yamma cunkoson motocin ma'aikata masu kwana a Jihar Nasarawa su yini a Abuja yakan sa tafiyar minti 20 ta ci sa'a biyu. Sai an wuce Masaka sa'an nan ƙasa take buɗewa. Daga nan ido zai fara cin karo da tuddai da duwatsu jefi-jefi, da itatuwan mangwaro da na yazawa, da kunyoyin doya, da mata a bakin titi sun jera doya da rogo da gawayi suna jiran mai saye. In an wuce Uke, ba a jima ba sai ga Keffi.

Garin yana zaune ne a mahaɗar hanyoyi. Ɗaya ta miƙe gabas ta bi ta Garaku zuwa Akwanga, inda ta rabu biyu, reshe guda ya hau zuwa Jos, guda ya gangara Lafiya da Makurɗi. Wata ta yi kudu zuwa garin Nasarawa da Toto. Wata kuma ta yi arewa ta Gitata da Panda ta shiga kudancin Jihar Kaduna. Hanyar Akwanga da Lafiya da Makurɗi an mayar da ita tagwaye, a shekarar 2025 kuma aka fara karɓar kuɗin hanya a kanta. Rafin Antau ya ratsa ta gefen garin, da damina ya cika ya batse, da rani ya janye ya bar wa masu lambu da masu ɗibar yashi gaɓarsa.

Ya kamata mai karatu ya san gaskiyar abu guda tun da wuri. Keffi ta wuce a kira ta ƙauye. A ƙidayar 2006 an sami mutum dubu 92 da 'yan kai a ƙaramar hukumar, daga lokacin zuwa yau kuwa unguwanni sababbi sun tsiro ta kowace kusurwa. Haka kuma duwatsunta ba su kai su ba ta sanyi irin na Jos ba, wadda take bisa tsauni fiye da mita 1,200 daga doron teku. A watan Maris zafin Keffi ba ya raga wa baƙo. Abin da take da shi shi ne ruwan sama mai yawa daga Afrilu zuwa Oktoba, da ƙasar noma, da tsohuwar sarauta mai riƙe da jama'a, da kusanci da Abuja.

Asalin Garin

Tarihi ya nuna wani Bafulatani makiyayi ne mai suna Abdu Zanga, daga 'Yantumaki ta ƙasar Katsina, ya kafa garin wajen shekarar 1802. Ya saba kawo shanunsa kiwo wannan yanki, har ya ga ya dace ya zauna, ya kewaye mazauninsa da kafi na itace don tsaro, daga wannan kalma ta kafi ce kuwa ake cewa sunan garin ya samo asali. Da aka yi jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ƙasar ta faɗo cikin rabon Zazzau, saboda haka Abdu Zanga ya karɓi tuta daga hannun Malam Musa, Sarkin Zazzau na farko na Fulani. Tun daga nan Keffi ta zama tana bin Zariya, kamar yadda Nasarawa da Jama'a suke bi, tana aika gaisuwa kowace shekara.

Garin ya bunƙasa domin yana kan hanyar fatake wadda ta taso daga Kano ta bi ta Zariya, ta sauka Keffi da Nasarawa, ta ƙare a Loko a bakin kogin Binuwai. Wani Bature matafiyi Bajamushe mai suna Gerhard Rohlfs ya yada zango a nan a shekarar 1867, a kan hanyarsa daga Barno zuwa Legas, a rubuce-rubucensa kuwa ya haɗa sunan garin da na Abdu Zanga. Hauren giwa yana cikin manyan hajojin kasuwar a wancan zamani, haka kuma bayi, waɗanda ake kamowa daga ƙabilun da ke kewaye. Wannan ɓangare na tarihi ba shi da daɗin ji, amma sai da shi ake gane dalilin da ya sa mutane da yawa na wannan ƙasa suka gina ƙauyukansu a kan duwatsu.

Dutsen Maloni

Dutsen da ya fi kowanne suna a Keffi shi ne wanda ake kira Dutsen Maloni. A farkon zuwan Turawa, mai ƙarfin faɗa a ji a garin shi ne Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau, jarumi wanda bai yarda ya sunkuya wa sabuwar hukuma ba. Ran 3 ga Oktoba, 1902, Razdan Kyaftin Maloni ya zo ƙofar fada ya aika a kira Magaji. Magana ta lalace tsakaninsu, har ana ɗora laifin a kan tafintan Razdan, Audu Timtim, cewa shi ya juya zance. Magaji ya fito bisa doki ya kashe Maloni, aka kashe tafintan, shi kuwa ya yi arewa da mutanensa. Sarkin Kano Alu ya karɓe shi da girmamawa, Gwamna Lugga kuma ya riƙe wannan a cikin hujjojinsa na kai wa Kano yaƙi. Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu, 1903, Sakkwato ta bi baya a watan Maris, Magaji kuma ya bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, inda suka rasu a yaƙin da aka yi a watan Yuli na wannan shekara.

An binne Maloni a kan dutsen da ke ɗauke da sunansa. Sunan Magaji Ɗan Yamusa kuwa shi aka sa wa sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima da ke Keffi, inda samari da 'yan mata daga kowace jiha suke sauka rukuni-rukuni. Wanda ya hau dutsen da sanyin safiya zai hangi garin a shimfiɗe: tsofaffin rufin kwano masu tsatsa sun cure a tsakiya kewaye da fada da babban masallaci, sababbin rufi masu launi kuma sun bazu a gefe har cikin gonaki. Yawancin masu ritayar da suka zo daga Abuja a ƙarƙashin waɗannan sababbin rufi suke.

Bayan zuwan Turawa garin ya ɗan yi sanyi, domin layin dogon da aka shimfiɗa cikin shekarun 1920 daga Kafanchan zuwa Makurɗi bai bi ta Keffi ba, ta Gudi da Lafiya ya wuce. Abin da ya riƙe sunan garin a wancan lokaci shi ne Kwalejin Gwamnati ta Keffi, wadda aka kafa a 1949, ta yaye manyan mutane da dama, cikinsu har da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya yi karatu a can daga 1965 zuwa 1969. Keffi ta zauna a Jihar Binuwai da Filato daga 1967, ta koma Jihar Filato a 1976, sa'an nan ta shiga Jihar Nasarawa da Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro ran 1 ga Oktoba, 1996.

Liman Abaji Da Zaman Cikin Gari

Ƙaramar hukumar Keffi tana da mazaɓu 10: Unguwar Iya ta ɗaya da ta biyu, Unguwar Rimi, Gangaren Tudu, Goriya, Jigwada, Sabon Gari, Tudun Kofa, Yara, da kuma Liman Abaji. Sunan wannan ta ƙarshe kaɗai ya isa ya nuna irin tushen da tsofaffin unguwannin garin suke da shi, wato malanta da limanci. Zaman cikin gari a Keffi zaman Hausa ne sosai: gida da zaure, masallaci a bakin lungu, makarantar allo da asuba da dare, dattawa a kan tabarma bayan la'asar. Hausa ce harshen kasuwa da na fada, ko da yake ƙasar ta tara Fulani da Gwandara da Gwari da Yeskwa da Afo da Gade da Eggon da Mada, ga kuma Yarbawa da Ibo da Tibi da suka daɗe da zama. Musulmi da Kirista duk suna da yawa, mai zuwa coci ba zai rasa ɗarikarsa ba.

A irin su Liman Abaji baƙo ba ya samun fili da sauƙi, gama gidajen na gado ne, kowane ɗaki da mai shi. Sai dai haya, ko kuwa in magada sun shirya sayar da gida a raba musu kuɗi. Wanda zai sayi irin wannan gida wajibi ne ya tabbata dukan magada sun yarda, maza da mata, na kusa da na nesa, a kuma yi cinikin gaban mai unguwa da shaidu. Sau da yawa rigimar da ke cinye shekarun tsoho a kotu daga sa hannun magaji ɗaya da aka manta take tasowa.

Amma ko da mutum a bayan gari ya yi gininsa, cikin gari ne zai nemi mutunci. Sarauta a nan tana da rai. Marigayi Sarki Muhammadu Cindo Yamusa na Biyu ya yi mulki daga 1978 har rasuwarsa a watan Disamba, 2015, ɗansa Dokta Shehu Cindo Yamusa na Uku ya gaje shi. Daga Sarki sai hakimai, sai dagatai, sai masu unguwa. Baƙon da ya san abin da yake yi, kafin ya sauke kaya zai je ya gai da mai unguwa da liman, ko shugaban cocinsa, ya faɗi sunansa da garinsu da aikin da ya yi. Wanda jiya masinja yake rusuna masa yana cewa "ranka ya daɗe", yau yaran unguwa "Baba" za su kira shi, sa'o'insa kuma su ce "Alhaji" ko "Malam", ba wanda zai tambayi matakin albashin da ya sauka a kai. Abin da za a duba shi ne ko yana zuwa jana'iza, ko yana leƙa mara lafiya, ko ana ganinsa a ɗaurin aure da suna. Tsohon darektan da ya kewaye gidansa da doguwar katanga ya sa ƙofar ƙarfe ya kulle, ranar da ciwo ya kama shi da tsakar dare zai gane cewa maƙwabci ya fi ɗan'uwa na nesa.

Abin Da Ke Jawo Masu Ritaya

Babban abin da Keffi ta fi ƙananan garuruwan kewayenta da shi, a wurin mai shekaru, shi ne asibiti. Tsohon babban asibitin garin ya zama Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a shekarar 2000, kuma marasa lafiya daga ƙananan hukumomin da ke kewaye nan ake turo su. Mutumin da ya haura 60, hawan jini da ciwon sukari da ciwon ido da na gwiwa ba su cika barinsa ba, ga zazzaɓin cizon sauro da ke yawaita da damina. In abin ya fi ƙarfin Keffi, manyan asibitocin Abuja suna kusa. Sai dai inshorar lafiyar da ma'aikaci yake ci tana tafiya ne tare da albashinsa, saboda haka ya kamata ya bincika tun kafin ya sauka yadda zai sake yin rajista da kuɗin aljihunsa.

Na biyu shi ne jami'a. Gwamnan farar hula na farko na jihar, Alhaji Abdullahi Adamu, wanda ɗan Keffi ne, shi ya kafa Jami'ar Jihar Nasarawa a garin a shekarar 2001. Zuwanta ya canja fuskar Keffi. Mai ritaya da ke da sauran yara masu karatu yana iya ajiye su a gabansa, wanda kuma yake da ilmi mai zurfi yakan sami abokan hira. Waɗansu sukan gina 'yan ɗakuna su ba ɗalibai haya, abin da ke shigowa ya tallafi fansho, ko da yake in malamai suka shiga yajin aiki ɗakunan sukan zauna a rufe.

Na uku shi ne kwanciyar hankali. Dā Kaduna da Jos su ne garuruwan da manyan ma'aikatan Arewa suke sha'awar yin ritaya a cikinsu. Rikicin Kaduna na shekarar 2000 da na Jos na 2001, da waɗanda suka biyo baya, sun raba unguwannin garuruwan nan biyu bisa addini, suka sa mutane da yawa suka sake shawara. Keffi tana da barikin soja, tana da bankuna, kuma 'ya'yan da ke aiki a Abuja suna iya zuwa ran Asabar su gai da iyaye su koma ran Lahadi.

Lissafin Aljihu

Duk wannan shiri a kan fansho yake tsaye, saboda haka ya kamata a san yadda fanshon yake. Dokar 2004 ta kawo tsarin asusu, inda ake yankar wani abu daga albashin ma'aikaci, gwamnati ta ƙara nata, a tara wa kamfanin da ke juya kuɗin ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom. Gyaran 2014 ya sa ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin 100, mai ba shi aiki kashi 10. In ya yi ritaya ba a ba shi kuɗin duka. Ana ba shi wani kaso a dunƙule, sauran kuma a riƙa biyansa wata-wata, ko dai daga kamfanin fanshon, ko kuwa ya sayi fanshon rai-da-rai daga kamfanin inshora. Waɗanda suka fara aiki kafin 2004 suna da haƙƙin shekarun baya da gwamnati za ta zuba musu, jinkirin zuba shi kuwa ya sha sa mutane su yi watanni da yawa ba albashi ba fansho, har a shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da cin bashin Naira biliyan 758 don biyan basussukan fansho. Tsofaffin da suka sauka a kan tsohon tsari kuwa suna hannun hukumar PTAD.

Abin lura a nan shi ne, kuɗin dunƙulen nan sau ɗaya ake ba da shi. Wanda ya zuba shi duka a gini, ya tasar wa bene mai ɗakuna takwas alhali shi da matarsa ne kaɗai za su zauna, sau da yawa ginin yakan tsaya a linta, siminti ya yi tsada, kuɗi ya ƙare. A gefen Keffi akwai kangaye irin waɗannan da ciyawa ta cinye. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci da na magani sun yi tashin gwauron zabo, fansho kuwa tafiyar hawainiya yake yi.

Sai batun fili. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, saboda haka takardar da mai gona ko dillali ya rubuta ba ta wadatar ba, sai an kai safiyo ya auna, an yi rajista a hukumar NAGIS mai kula da filayen jihar, an nemi takardar shaidar mallaka. Sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku ba baƙon abu ba ne a duk garuruwan da ke kewaye da Abuja. Ruwa ma abin tambaya ne. Ana turo wa Keffi ruwan famfo daga matatar kogin Mada da ke kusa da Gudi, amma bai kai kowace sabuwar unguwa ba, ƙasar kuwa dutse ne a ƙarƙashinta, ana iya haƙa rijiyar burtsatse a kashe kuɗi mai yawa a tarar da ruwa kaɗan. Kafin a biya kuɗin fili, a tambayi maƙwabta inda suke shan ruwa a watan Maris, a kuma zo a ga wurin a watan Agusta, lokacin da hanya take nuna halinta.

Su ma mutanen gari abin yana shafarsu. Kowace gona da aka yanka fuloti-fuloti aka sayar wa baƙi, kuɗinta yakan ƙare a biki ko sayen babur, 'ya'yan mai gonar kuma su tashi ba inda za su sa garma. Dattawan ƙauyukan kewaye sun san wannan, shi ya sa baƙon da ya zo da ladabi, ya ɗauki yaran wurin aiki, ya bar wa jama'a su ɗebi ruwa a famfonsa, ya fi samun zama lafiya.

Garuruwan Kan Dutse

Wanda Keffi ta yi masa hayaniya, yana son duwatsu na sosai, sai ya ƙara gaba. Tsakanin Akwanga da Lafiya akwai duwatsun Eggon, a gindinsu garin Nasarawa Eggon yake. Gabas da Akwanga akwai Wamba, a ƙasarta ne ruwan nan mai suna Farin Ruwa yake zubowa daga gefen tsaunin Filato, tsawon kimanin mita 150, fari fat kamar an shanya alawayyo. Ta arewa kuma ga Panda da Gitata a ƙasar Yeskwa. Fili a waɗannan wurare ya fi araha, abinci ya fi sauƙi, dare kuma shiru.

Amma akwai darasi a tarihin mutanen wurin. Kakannin Eggon da na Mada sun zauna a kan duwatsu ne don gudun mahara, suka yi wa gangaren dutse matakala da jeren duwatsu suna noma a kai. Da hari ya ƙare, hanyar mota da ta jirgi suka zo, sai suka riƙa saukowa sannu a hankali zuwa bakin hanya, inda kasuwa da makaranta da asibiti suke. Waɗanda aka haifa a kan dutse ke nan, masu ƙarfin ƙafa, suka ga sauka ta fi. Mai shekara 60 da ya yi rayuwarsa a kan kujerar ofis ya kamata ya yi wa kansa tambaya kafin ya hau inda su suka baro. Dutsen da ya ba shi sha'awa ranar da ya zo yawon buɗe ido, shi ne zai tsaya tsakaninsa da likita ranar da numfashi ya sarƙe. Ban da wannan, rikicin manoma da makiyaya da satar mutane don neman kuɗin fansa sun taɓa sassa da dama na jihar, kuma gidan da ya ware shi kaɗai a bayan ƙauye, aka san mai shi tsohon babban ma'aikaci ne, ya fi jawo ido.

Noma Da Zaman Gida

Kusan kowane mai ritaya da noma a bakinsa yake zuwa. Ƙasar kuwa tana bayarwa: doya, rogo, masara, dawa, gyaɗa, agushi, shinkafa a fadama, da riɗi wanda Jihar Nasarawa ta yi suna a kansa. Sai dai noma sana'a ce mai son a koye ta. Doya tana son kunya mai tsawo, da iri mai kyau wanda shi kansa jari ne, da 'yan ƙwadago a kan lokaci. Wanda bai taɓa yi ba, gara ya fara da kadada ɗaya kusa da gida, da 'yan awaki da kaji, ya ga yadda shekara za ta kaya, kafin ya sa kuɗin da ba zai iya jure asararsu ba.

Akwai kuma uwargida, wadda sau da yawa ba a shawartarta sai an gama yanke magana. Ita ma ta yi shekara 30 tana gina zumunci a inda suke, tana da ƙawayen adashi da na Islamiyya ko na zumuntar mata, wataƙila da ɗan shagonta. Maigida yana fita masallaci da majalisa ya yi sababbin abokai cikin mako guda, ita kuwa tana iya yin wata shida a sabon gida ba ta san kowa ba. Ƙaurar da aka yi ba da son ranta ba takan ƙare da ita tana Abuja wurin jikoki, shi yana Keffi yana dafa wa kansa shayi. Har ila yau, tun da rai a hannun Allah yake, ya kamata takardun gida su kasance a inda iyali suka sani, a kuma yi magana a fili a kan inda za ta zauna in ta riga ta zama ita kaɗai.

Shawarar da ta fi dacewa ga mai wannan niyya ita ce ya fara shiri tun saura shekara biyar ya sauka, yana da albashi a hannu. Ya kama haya a Keffi na shekara guda, ko a cikin gari irin su Liman Abaji ko a gefe, ya ga bazararta da daminarta da hunturunta, ya san layin asibiti, ya san farashin kasuwa, ya san mutane su san shi. In zaman ya karɓe shi, sai ya yi gini daidai ƙarfinsa, ƙasa-ƙasa ba bene ba, kusa da jama'a, ya rage wani abu a asusu saboda magani. In kuwa bai karɓe shi ba, kuɗin hayar shekara guda kaɗai ya yi asara, garinsu na nan, hanya kuma a buɗe take ta kowace fuska. Allah ya ba tsofaffin ma'aikata haƙƙinsu a kan kari, ya sa a gama lafiya, amin.